Dodo a Littafin Yara: Amsa ga Malamar da ke Son Zana Tatsuniyar Kakarta

Wata malamar firamare daga Argungu ta aiko da tambaya. Ta ce akwai tatsuniyar da kakarta ta sha yi musu suna ƙanana, ta wata yarinya da ta je gulbi ɗiban ruwa bayan magariba ta gamu da Dodo. Tana son ta mai da ita littafi mai hotuna don 'yan ajinta, amma abokiyar aikinta ta ce mata tsorata yara zalunci ne, balle yanzu da tsoro ya riga ya yi musu yawa. Ta kuma ce hannunta bai faɗa da zane ba, shin gaskiya ne wanda yake zane kullum yana iyawa?

Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya yi wa wannan niyya albarka. Na shekara da shekaru ina koyar da zane a jihar nan, kuma abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne 'ya'yanmu suna da tatsuniyoyi rumbu guda, amma da ƙyar yaro zai buɗe littafi ya ga gulbinsu, ya ga tulunsu, ya ga irin ƙofar ɗakin uwarsa. Tun tsakanin 1911 da 1913 Frank Edgar ya buga kundi 3 na tatsuniyoyin Hausa, da yawansu daga ƙasar Sakkwato aka rubuto su, kuma a farkon shekarun 1970 Ibrahim Yaro Yahaya ya tsara wasu don 'yan makaranta. Labari dai ba mu rasa ba, masu zana shi ne suka yi ƙaranci. Saboda haka ki yi littafin nan. Sai dai maganar abokiyar aikinki ba ta zubarwa ba ce, kuma zan dawo kanta.

Ki fara tuna yadda kakarki take yi. An ci tuwo, an shimfiɗa tabarma a tsakar gida, kun kewaye ta, ƙaramin cikinku yana kan cinyarta. Ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Ku ce, "Ta zo mu ji ta." Da bakinku kuka ba da izini, wato ku kuka buɗe ƙofar. Daga nan Dodo ya yi gurnani, ya haɗiye shanu da makiyayinsu, ku matsa jikinta kuna leƙen zaure. Da ta kai ƙarshe sai ta ce, "Ƙurunƙus kan kusu, ba don Gizo ba da na yi ƙarya." Ta rufe ƙofar ke nan, ta kuma shaida muku cewa duk abin nan ƙagagge ne. Tsoron da kuka ji na gaske ne, gabanku ya faɗi da gaske, amma tsoro ne mai linzami: yana da mashiga, yana da mafita, ga kuma jikin babba a kusa. Yaron da ya sha shiga irin wannan tsoro yana fita lafiya, yana koyon cewa faɗuwar gaba aba ce mai wucewa. Shi ya sa washegari ku da kanku kuke roƙon a sake muku ta Dodon.

Inda hoto ya bambanta da murya, nan ne nauyin ya hau kanki. Idan kaka ta ce "Dodo", kowane yaro yana gina nasa Dodon daidai abin da zuciyarsa za ta iya ɗauka. Kuma ita tana kallon fuskokinku, in ta ga auta ya fara rawar leɓe sai ta sassauta murya, ta jefo Gizo ya yi wata wauta a yi dariya. Littafi ba ya ganin fuskar mai karatu. Abin da kika zana yana nan yadda yake, ga ɗan shekara 10 da ɗan shekara 4, da rana da dare, da babba a kusa da babu.

Akwai littattafan waje guda biyu da nake son ki sani, domin tsakaninsu hanyar ta rabu. A 1845 wani likita a birnin Frankfurt na Jamus, Heinrich Hoffmann, ya buga littafin da ya fara yi wa ɗansa ɗan shekara 3. A ciki akwai yaron da aka hana tsotsar yatsa bai bari ba, sai tela ya faɗo ɗaki da ƙaton almakashi ya datse masa manyan yatsu biyu, aka kuma zana shi tsaye ba yatsun. Labarin a nan ya tsaya. Yaro ya yi laifi, an hukunta shi, ba mafita. Wannan tsoro ne da aka mayar bulala, kuma mu ma muna yinsa a gida duk lokacin da muka ce wa yaro, "Yi shiru ko in kira Dodo."

Na biyun Maurice Sendak ne ya yi shi a Amurka a 1963. Yaro ya yi ƙiriniya, uwarsa ta tura shi ɗaki ba abincin dare. Ɗakin ya rikiɗe ya zama daji, ya hau jirgin ruwa ya isa ƙasar dodanni masu fiƙa da farata. Suka yi masa ruri, shi kuwa ya ƙura musu ido ko ƙiftawa bai yi ba, har suka tsorata suka naɗa shi sarkinsu. Da kewar gida ta kama shi ya komo, ya tarar da abincinsa a ɗaki, da zafinsa. Ki lura da dabarar mai zanen: hoton farko ƙarami ne a tsakiyar farar takarda, sai hotunan su yi ta girma har su cinye shafi biyu ba ko kalma ɗaya, sannan su sake tsukewa yayin da yaron yake komawa gida. Girman hoto shi ne hawa da saukar muryar kaka. Da farko manya da yawa sun ce littafin zai firgita yara, amma a 1964 ya ci lambar Caldecott, wadda ake ba littafin yara mafi kyawun zane a Amurka, kuma har yau ana karanta shi. Sendak ya faɗa da bakinsa cewa fuskokin dodannin daga danginsa ya ɗauko su, waɗanda suke zuwa gidansu yana yaro suna jan kumatunsa. Ki riƙe wannan, za ta yi mana amfani in mun zo maganar zanen kullum.

Naki littafin ya bi hanya ta biyu. Tatsuniyar kakarki tana da gargaɗi a cikinta, kuma gargaɗi ne mai amfani ga yaran bakin gulbi: kada a je ruwa da duhu. Ba laifi ya zauna. Amma yarinyar ta kuɓuta da dabararta, ko da waƙarta, ko da taimakon wanda ta yi wa alheri a hanya, kuma shafin ƙarshe ya nuna ta a gida, kusa da murhu, Inna tana zuba mata tuwo. Kada ki rufe littafi Dodo yana nan yana yawo.

Game da shekaru kuwa, yaro daga 3 zuwa 6 bai gama raba abin da ya gani a hoto da abin da ke bayan ƙyaure ba, kuma a lokacin ne tsoron duhu da dodanni ya fi ƙarfi. Irin wannan sai a karanta tare da shi, da rana, yana jingine da babba. Daga 7 zuwa sama sun san ƙage, har nemansa suke. Abin da ke hana su barci a wannan shekaru shi ne abin da suka san yana iya faruwa.

Nan gaskiyar abokiyar aikinki take. Tun sace 'yan makarantar da aka yi a Jangebe a Fabrairun 2021 da Birnin Yauri a Yunin 2021, babu ɗan makaranta a Kebbi da Zamfara da bai san akwai abin tsoro na gaske ba. A ajinki ma wataƙila akwai wanda iyayensa suka baro ƙauyensu cikin dare. Don haka kada Dodonki ya yi kama da mutum. Ban da bindiga, ban da rawanin da ya rufe fuska, ban da fitilar babur a cikin duhu, ban da ƙofar da ake bugawa da dare. Ƙurunƙus ba ta rufe waɗannan, domin yaro ya san ba ƙarya ba ne. Haka kuma kada ki kira shi aljani. Dodo na tatsuniya ne, ana iya ce wa yaro babu shi. Aljani kuwa yaro ya ji shi a Alƙur'ani, ba ki da bakin ce masa ƙage ne, kuma in kin zana shi a gindin tsamiya kin ɓata masa hanyar makaranta. Wani abin da nake roƙon duk mai zanen yara: kada a ari jikin bayin Allah a yi abin tsoro da shi. Tsohuwa mai haƙori ɗaya, zabiya, kuturu, mai taɓin hankali, duk suna unguwarku. In littafi ya nuna wa yara cewa haka mayya take, gobe su za su jefi tsohuwar da ke sayar da daddawa.

To yaya za a zana abin tsoron? Na taɓa kai wa 'yan aji huɗu zane biyu na labari guda. A na farko na zana Dodo gaba ɗayansa, da gashi da haƙora da jajayen idanu. Suka taru suka ƙirga haƙoran, suka yi gardama a kan ko ya fi raƙumi tsawo, cikin minti biyu sun gama da shi. Na biyun ba kowa a ciki. Bakin gulbi ne da almuru, tulu cike da ruwa yana zaune a kan yashi, gammo ya faɗi gefe, ga sawun ƙafar yarinya ƙanana, kusa da su kuma ga wani sawu guda mai yatsu uku wanda tulun zai iya zama a cikinsa. Ajin ya yi tsit. Can wata yarinya ta sa yatsa a kan ciyawar da na yi wa duhu a gefen takarda, ta ce a hankali, "Malam, shina nan ciki." Ban zana komai a wurin ba. Ita ta sa shi, kuma daidai girman da za ta iya ɗauka ta sa. Ta haka hoto yake dawo wa yaro da 'yancin da muryar kaka take ba shi.

Abin da ke sa tsikar jiki tashi a hoto shi ne abin da aka saba da shi, sai abu ɗaya tak ya kauce. Kwale-kwale yana tafiya tsakiyar ruwa ba mai tuƙi. Awaki duk sun juya suna kallon wuri ɗaya. Inuwar yarinya a bango ta zama biyu. Haske ma rabin aikin ne. In an ɗauke wuta, ki ajiye fitilar ƙwai ko tocila a ƙasa a tsakar gida ki duba yadda inuwar akuya take hawa bango har ta wuce tsawon ɗaki, domin hasken da ya taso daga ƙasa yana juya inuwar da ido ya saba gani. Ki kuma duba gulbi da sassafe lokacin hunturu, yadda hazo yake cinye hayin ƙetare ya bar itatuwa kamar an goge rabinsu. Duk abin da ya yi nisa yana kodewa, abin kusa ne mai baƙi sosai. Baƙi da fari sun ishe ki wannan aiki, kuma sun fi araha wurin bugawa, ko a injin hoton takarda na bakin kasuwa za su fito.

Kafin ki yi zane mai kyau ko ɗaya, ki ɗauki takardar A4 guda 8, ki ninke su biyu, ki ɗinke tsakiyar da zare. Shafi 32 ke nan, adadin da aka saba yi wa irin wannan littafi saboda maɗaba'a tana ninke takarda ne 8-8 ko 16-16. Ki raba labarin a ciki da zane na gaggawa. Ki sa tambaya a shafin dama, amsarta a bayansa: yarinya ta ji motsi a ruwa, sai an juya a ga mene ne. Hannun yaro ne zai juya, in ya shirya, kuma in bai shirya ba ya tsaya. Linzamin ya koma hannunsa ke nan. Ki buɗe da "Ga ta nan, ga ta nanku" a shafin farko, ki rufe da ƙurunƙus a na ƙarshe.

Na san za a tambaye ki hukuncin zana mai rai. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta, abin da aka haramta kai tsaye shi ne sura mai jiki da inuwa ta abu mai rai wadda gaɓoɓinta suka cika, wato gunki. Zanen da ke shimfiɗe a takarda ba su kai shi haramun ba, iyakarsa makaruhi, kuma an yi rangwame a 'yar tsanar yara saboda hadisin Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda. Akwai malaman da suka fi haka tsanantawa. Fatawa tasu ce, ki zauna da malaminki ki ji. Abin da zan ƙara daga ɓangaren sana'a shi ne, itace da ruwa da gini da tulu ba a yi saɓani a kansu ba, kuma kin ga hoton da ya fi kama yaran nan babu mai rai a cikinsa.

Saura hannunki. Wani malamin koyar da zane, Viktor Lowenfeld, ya bayyana a littafinsa na 1947 matakan da zanen yaro yake bi: daga shekara 2 zuwa 4 yana kwasar layi barkatai, daga nan ya fara yin mutum da kai da ƙafafu, zuwa 7 ya samu tsarin da yake maimaitawa, wajen 9 kuma sai ya fara gane cewa abin da ya zana bai yi kama da abin da ya gani ba. A nan yawancinmu muka ajiye fensir. Babban da ya ce bai iya zane ba, galibi hannunsa ne ya tsaya inda ya bar shi yana ɗan shekara 10, kuma daga nan zai ci gaba duk ranar da ya koma. Ki duba almajiri. Ba wanda ya taɓa tambayarsa ko yana da baiwar rubutu. Kullum ya rubuta allo, ya wanke, ya sake, bayan shekaru sai ka ga hannun da yake zayyana. In kina lalle ko kitso ko ɗinkin hula, kin riga kin san yadda yau da gobe take sa allura ginin rijiya.

Ga yadda nake sa ɗalibaina. Littafin rubutu guda, biro guda, minti 15 a lokaci ɗaya kullum, ko bayan asuba ko kafin magariba. Na ce biro ne don kada ki samu hanyar gogewa, gogewa tana cinye lokacin kallo. Ki rubuta kwanan wata a kowane shafi, kada kuma ki yage ko ɗaya. Makon farko abu ɗaya za ki yi ta zanawa, misali butar alwalarki. Wani ɗalibina ya yi haka. Ranar farko butar da ke cikin kansa ya zana, da'ira da hanci da mariƙi. Rana ta biyar ya zo mini da murna, ya ce ashe hancin daga can ƙasan cikinta ya taso, ashe kuma akwai inda ta narke ta lotsa ranar da aka bar ta kusa da murhu. Shekara uku yana alwala da ita bai taɓa gani ba. Riba ta farko ke nan, kuma ta fi kowace girma: ido ne yake buɗewa, hannu biyo shi yake yi.

Bayan buta sai hannunki na hagu, sai takalmi, sai abin da ba ya tsayawa, kamar kaza da akuya, a ba kowace daƙiƙa 30 a wuce. Ke da kike Argungu kina zaune a kan dukiya. Ki je gulbin Matan Fada ki zana masunci da homarsa da gorarsa, yadda yake kwantawa a kan gora yana iyo, yadda raga take nauyi in ta jiƙe. Ki shiga gidan tarihi na Kanta ki zana ƙofofi da kaurin bango. Ki duba zanen ƙwarya a kasuwa ki ga yadda mai sassaƙa yake cika fili da layi. Haka mai zane Uche Okeke ya yi yana ɗalibi a Zariya wajen 1958, ya ɗauki layin zanen gargajiya na matan Ibo ya zana halittun tatsuniyoyinsu da alƙalami da tawada. Dodon da zai zama namu daga nan zai fito, daga fatar kada da saiwar kuka da jiƙaƙƙiyar raga, kamar yadda na Sendak ya fito daga fuskokin danginsa. Wanda bai tara a rumbu ba, ranar da ya tashi zana Dodo sai ya kwafo na fim.

Akwai riba ta biyu da ta shafi ajinki. A 2016 masu bincike a Jami'ar Waterloo ta Kanada sun ba mutane jerin kalmomi, wasu su zana abin da kalmar take nufi, wasu su yi ta rubuta ta. Kalmomin da aka zana an fi tuna su nesa ba kusa ba, kuma kyawun zanen bai canza sakamakon ba. Saboda haka in kin zauna naki zanen, ki ba yaran takarda su ma. Ki bar shafi ɗaya fari a ƙarshen littafin, ki rubuta a samansa, "Zana naka Dodon." Yaron da ya zana abin da yake tsoro ya sa masa iyaka, ya ga yana da farko da ƙarshe, yana iya ƙara masa hula ko ya ninke takardar ya sa a aljihu. In kuwa kika ga wani kullum babura da bindigogi yake zanawa, kada ki tsawata masa, kada kuma ki tsare shi da tambayoyi. Ki ce, "Ba ni labarin wannan," ki saurara. In abin ya haɗu da firgita cikin barci, ko fitsarin kwance bayan ya daina, ko shirun da ba halinsa ba, ki sanar da iyayensa a nemi ma'aikacin lafiya.

In kina son abokan tafiya, akwai Inktober, wanda wani mai zane a Amurka, Jake Parker, ya fara a 2009: zanen tawada ɗaya kowace rana har kwana 31 na watan Oktoba, mutane suna sa nasu a intanet. Amma kada ki jira Oktoba. Za a yi ranakun da zanen zai fito ba daɗin gani, za a yi ranar da baƙi ko rashin lafiyar yaro za su hana ki. Washegari ki ci gaba, ba ramuwa. Bayan kwana 30 ki ajiye shafin farko kusa da na ƙarshe ki duba da idonki. Bayan wata uku ki ɗinka takardun nan 8, ki zana labarin da gaggawa, ki karanta wa yara biyar da rana a gindin bishiyar makaranta, idonki a kan fuskokinsu kamar yadda kakarki take yi. Shafin da suka matso, ki bar shi. Shafin da wani ya kau da kai bai sake dubawa ba, ki rage masa duhu, ko ki janye Dodon ya koma cikin ciyawa. In akwai dattijuwa a gidanku da ta san tatsuniyar, ki ɗauki muryarta a waya tun yanzu, musamman waƙar da yarinyar take yi wa Dodo, domin waƙar ce ake fara mantawa.